Yaranmu da fita daji cikin sanyi a Norway: in hana ko in sa ido?

Maman_Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu zama a ƙasashen sanyi. Bara muka zo Oslo saboda karatun babansu, Hanif shekararsa 4 ƙanwarsa kuma shekara ɗaya da rabi, duk suna makarantar renon yara ta unguwarmu. Abin da ya hana ni sukuni shi ne kullum ta Allah sai an fitar da yaran nan waje, ko ruwa ake ko iska ko dusar ƙanƙara, kuma rana ɗaya a sati sai a kwashe su a yi daji da su, kowa da 'yar jakarsa ta goyo da burodinsa. Ita ƙaramar ma a waje ake kwantar da su barcin rana cikin keken jarirai, an jera su a ƙarƙashin rumfa. Na yi wa malamar magana tace haka tsarin yake, wai sun fi samun barci a waje. Babansu yace in ƙyale, shi Hanif kam murna yake, ranar daji tun asuba yake tashina. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya, mu da aka raine mu idan hunturu ya shigo ko wankan safe ba a bari yaro ya yi. Ga Nuwamba ta shigo. In dage a bar min su a ɗaki ne ko in sa ido?

Hajiya_Kaka:
Subhanallahi! Jaririya a waje cikin ƙanƙara? 'Yata ki je ki ɗauko 'yarki. Limoniya ba a wasa da ita. Su jikinsu ya saba tun kaka da kakanni, namu ba irin nasu bane.

Ummu_Sadiq_Bergen:
Wa alaikumussalam Maman Hanif, sannu da zuwa. Ni a Bergen nake, garin da ruwa ke sauka fiye da kwana 200 a shekara, da za a ce sai rana ta fito yaro zai fita to yarana da sun girma a falo. Ki bar batun hanawa, ki koma kan kaya, nan aikin yake. Wanda zai taɓa fatar jiki ya zama na ulu, riga da wando, kar ki sa auduga a ciki domin idan yaro ya yi gudu ya yi zufa auduga riƙe jiƙa take ta huce a jikinsa, sanyin daga nan yake kama shi. Kan ulun ki ɗora mai ɗan kauri, sai babbar rigar nan ta gaba ɗaya mai zif wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Takalmi ki sayi mai ɗan yalwa yadda safar ulu za ta zauna, in ya matse ƙafa ta fi saurin yin sanyi. Safar hannu ki aje biyu ko uku a makaranta saboda jiƙewa suke, kuma ki rubuta sunansa jikin komai. Kar kuɗin ya tsorata ki, ki duba shafin saye da sayarwa na intanet mai suna Finn ko shagunan Fretex, na hannu ne amma masu kyau, su kansu 'yan ƙasar a nan suke saya tunda yaro shekara ɗaya zai sa ya fi ƙarfinsa.

Maman_Hanif:
Anty na gode sosai. Ashe har da batun auduga, singileti nake fara sa masa a ciki kullum.

Nas_Zuwaira:
Hajiya Kaka Allah ya ƙara girma, amma bari in ɗan yi gyara a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Mura da limoniya ƙwayoyin cuta ke kawo su, kuma sun fi yawo inda aka cunkushe yara a ɗaki aka rufe tagogi, wannan ya yi atishawa wancan ya shaƙa. Yaron da aka sa wa kaya daidai yana tsalle-tsallensa a fili bai fi na cikin ɗakin shiga haɗari ba. Jariran ma ba ajiye su kawai ake ba, akwai jakar barci mai kauri da shimfiɗar ulu, ana leƙa su, kuma yawancin makarantun idan sanyi ya kai wajen digiri 10 ƙasa da sifili ciki suke mayar da su.

Amma ga inda nake so kowa ya buɗe kunne. Idan yaro yana da sikila maganar ta canza gaba ɗaya, sanyi na daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, kuma malaman can ba lallai su san cutar sosai ba tunda ba ta da yawa a cikinsu. Irin wannan yaron sai an zauna da likitansa an rubuta wa makaranta takarda. Haka mai asma, iska mai sanyi da bushewa tana iya tayar masa. Maman Hanif kin san jinin yaranki?

Maman_Hanif:
Eh Alhamdulillah, ni AA ce babansu AS, an gwada su babu mai sikila. Asma ma babu.

Hajiya_Kaka:
To ni dai na faɗi nawa. Ilimin asibiti na yarda da shi, amma na raini 'ya'ya na raini jikoki, na san yadda sanyi ke shiga haƙarƙarin yaro. Allah ya tsare mana su.

Dan_Damagaram:
Ni abin da ke bani mamaki yadda muka manta namu tasowar. Wane ne cikinmu aka raina a ɗaki? Mu a Zinder da an taso daga makarantar allo sai bayan gari, hawan duwatsu, tsinkar magarya da kanya, jifan goruba, kamun fara, harbin tsuntsu da danko, da damina kuma wanka a tafki ko an hana. Da dare in akwai farin wata ga langa ga 'yar ɓuya har sai an zo an kore mu. Da sanyin hunturun ma fita muke mu haɗa kara mu hura wuta a ƙofar gida. Yanzu mun je ƙasar wasu mun ga suna yi wa 'ya'yansu abin da iyayenmu suka bar mu muka yi, sai muke ganin baƙon abu. Bambancin kawai su da malami a bayansu, mu kuwa yayyenmu ne ke kula da mu.

Sadiya_Leeds:
Dan Damagaram maza kuka yi wannan yawon fa. Mu mata muna gida ana aikenmu, iyakarmu gaɗa da carafke a ƙofar gida ko tsakar gida. Shi yasa ni abin yake burge ni a nan, 'yata tana hawa bishiya tana dawowa da taɓo har gwiwa ba wanda zai ce mata ke mace ce sauko. Makarantarsu suna da darasin daji su ma, sai dai bai kai na Norway ba gaskiya, yawanci sau ɗaya ne a sati.

Dan_Damagaram:
Gaskiyarki Hajiya Sadiya, wannan kam haka ne. Ko da yake ƙannena mata sun sha zuwa itace da ɗiban ruwa, sai dai wannan aiki ne ba wasa ba.

Baban_Yusra:
Gaisuwa daga Tromso, can arewacin Norway. Maman Hanif ku a Oslo ai da sauƙi, ko a tsakiyar Disamba rana na fito muku wajen tara da 'yan mintuna ta faɗi uku da 'yan mintuna. Mu nan daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu ba ma ganin ƙwayar rana sam, sai ɗan haske-haske da tsakar rana, sallah ma da yawanmu lokacin Makka muke bi a irin watannin. Kuma a haka yara suke fita wasa da fitila ɗaure a goshi. Abin da na lura da shi a gidana, duk ranar Asabar ko Lahadin da muka zauna a gida ba mu fita ba, ranar ce ake faɗa, ake kuka, ake rigimar waya da talabijin, dare ya yi barci ya gagara. Ranar da muka fita ko na awa ɗaya ne suka yi sulu a kan tudu suka dawo, tuwo ma sai sun nemi ƙari, kafin isha sun yi laushi. Duhun nan yana taɓa zuciyar babba ma balle yaro, in kika kulle kanki da su wata huɗu ke za ki fara shiga damuwa.

Abu biyu kar ki yi sakaci da su. Na farko abin ƙyallin nan da ake maƙalawa a riga ko a ɗaura a hannu don masu mota su hango yaro cikin duhu. Na biyu bitamin D, mu masu duhun fata mun fi saurin rasa shi a nan domin rana ba ta da ƙarfi, su man hantar kifi suke ba yaransu da cokali, akwai kuma na ɗigawa, ki tambayi asibitin yara na unguwarku za su gaya miki adadin da ya dace da shekarunsu.

Anty_Bilki_Winnipeg:
Digiri 10 ƙasa da sifili mu a nan ranar daɗi ce wlh. Makarantun garinmu sai sanyi haɗe da iska ya kai wajen 27 ko 28 ƙasa da sifili ake hana yara fita tara. Abin da nake dubawa in sun shigo shi ne kumatu da kunne da yatsu, in kika ga wuri ya yi fari-fari ya daskare kar ki murza kuma kar ki sa ruwan zafi, ɗumi-ɗumi ake sawa a hankali. Fata kuma man kaɗe na gida ya fi min komai, duk mai zuwa sai na ce ya taho min da shi.

Abu_Fatima:
Kowa na maganar sanyi, ni ba sanyin ne damuwata ba. Me suke ci a dajin? Sun fi son gasa sosej a wuta kuma galibi da alade a ciki. Sannan in yaro ya kai aji 6 ko 7 akwai tafiyar da makaranta ke yi da su su kwana uku ko huɗu a wani sansani, maza da mata. Tun yanzu ake fara sabar musu. Mu yi hattara, ba duk abin da aka ce tsari ne za mu ce to ba.

Ummu_Sadiq_Bergen:
Malam Abu Fatima, na sosej mai sauƙi ne, tun ranar rajista ake tambayar abin da yaro ba ya ci, ni nakan sayi na kaza ko na talotalo a shagon halal in sa masa a jaka, wani lokaci ma malaman da kansu suke tanadar na halal. Tafiyar kwana kuma Sadiq ya je, ɗakin maza daban na mata daban, malamansu na tare da su. Kafin su tafi na je na zauna da malamar ajin na faɗa mata batun abinci da sallah, ta nuna masa inda zai riƙa yi. Ya dawo ya iya tuƙa kwalekwale yana ta ba ƙannensa labari. Mun ji ai ana cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya kai ma nemi taka ka ɗaura.

Abu_Fatima:
Ba kowace wutsiya ake ɗaurawa ba Hajiya. Naki namiji ne. Ni 'yata ba za ta kwana a wani wuri ba ni ba uwarta ba, na gaya musu kuma ba su tilasta min ba.

Sadiya_Leeds:
Haƙƙinka ne Malam, amma ka tambaye ta yadda ta ji ranar da 'yan ajin suka dawo suna hira ita tana gefe. Ban ce ka canza ba, ka dai samo mata wani abin a madadinsa, ko kai ka ɗauke ta ku je ku kafa tanti da iyali.

Abu_Fatima:
Wannan kuma shawara ce mai kyau, zan duba in Allah ya kai mu bazara.

Baban_Yusra:
In za ku yi tantin, doka ta ba ku dama. A Norway akwai dokar shekarar 1957 da ta ba kowa 'yancin shiga daji da duwatsu da bakin ruwa ko da filin wani ne, muddin ba gona ba ce ko harabar gida. Za ka iya kafa tanti har kwana biyu a wuri ɗaya in ka yi nesa da gidan mutane da mita 150. Sai dai daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba an hana hura wuta a daji, sai wuraren da aka tanada. Kayan ma ba sai ka saya ba, akwai wata ƙungiya mai suna BUA, suna ba da aron tanti da jakar barci da keke da kayan sulun ƙanƙara kyauta, ka yi rajista ka karɓa ka dawo da shi. A Oslo akwai su.

Malam_Nura_Jamus:
Ni roƙona ɗaya ga iyaye, ku koya wa yara iyo. Ƙasashen nan ko'ina tafki ne da kogi, da zafi ya shigo abokansu za su ja su, kuma yaran baƙi irinmu da iyayensu ba su iya ruwa ba su ne abin ya fi ritsawa da su. Nan Jamus akwai 'yar jarrabawar farko da yaro zai yi iyon mita 25 a ba shi tambari a ɗinka masa a wando, amma ko ita ba ta nufin ya ƙware, somin taɓi ce. A aji 4 kuma 'yan sanda ke zuwa su gwada su tuƙin keke a titi. Na ji Norway ma ana so yaro ya iya iyo kafin ya gama aji 4. Kar a hana 'ya'ya mata, akwai kayan iyo masu rufe jiki.

Ummi_Jidda:
Ku kuna kukan sanyi mu muna kukan zafi. Wata da watanni yarana ba sa taka waje da rana, daga gida sai mota sai makaranta, duk cikin esi. Sai bayan isha muke kai su bakin teku su ɗan yi gudu. Babban har ƙiba ta fara masa yawa ga ido kullum a waya. Da zan samu inda malamai za su kai min su daji kyauta wlh da gudu zan miƙa su.

Kawu_Ado:
Mu da ke gida ma ai yanzu yaran ba sa fita. Filayen ƙwallon unguwa duk an yanka an yi shaguna, bayan gari kuma wa zai bar ɗansa ya je a wannan yanayi na tsaro? Jikokina ba su san bishiyar ɗinya ba sai dai su ga 'ya'yan a faranti wajen mai talla. Abin yana ci min rai. Ku da Allah ya kai ku inda yaro zai shiga daji ya dawo lafiya ku gode masa. Amma ku riƙa yi musu Hausa a can ɗin, kar ya zo ya san sunan kowace bishiya da yaren Turawa ya kasa gaida kakarsa.

Maman_Hanif:
Kawu wannan ya taɓa ni, domin Hanif ya fara mayar min da amsa da yarensu, ko na yi masa Hausa.

Ummu_Sadiq_Bergen:
Ki ci gaba da yi masa kar ki gaji, kuma dajin ma wurin koyarwa ne. In mun fita ni da nawa ba a yin wani yare sai Hausa, ina nuna musu ina faɗa, ga tururuwa, ga gansakuka, ga kurege, ga toho. A gida suna kallon katun ba sa saurarena, a hanya kuwa ba abin da ke raba hankalinsu. Ke da kike Oslo ki hau jirgin ƙasa na cikin gari layi na 5 har ƙarshensa Sognsvann, tafki ne da hanya ta zagaye shi kilomita 3 da ɗoriya, keken jarirai na bi lafiya lau. Ki zuba kunun gyaɗa ko shayi a fulas ku je ranar Lahadi ki ga yadda iyaye ke fitowa da jarirai, da idonki za ki gani. In Hanif ya ƙara girma babansa ya kai shi layi na 1 zuwa Frognerseteren, akwai hanyar sulu mai tsawon kusan kilomita 2 da ke gangarowa, amma da hular kwano.

Nas_Zuwaira:
Tunda an zo batun daji in ƙara biyu na lokacin zafi. Kaska tana da yawa a kudancin Norway musamman bakin teku cikin ciyawa, kuma tana ɗauke da cuta. Duk ranar da suka shiga ciyawa ki duba bayan kunne, hammata, bayan gwiwa da matsematsi, in kin gani ki cire da ɗan hantsaki a ranar, in daga baya wurin ya yi jan zobe yana faɗi ki kai shi asibiti. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai sai an kula da kyau. Sai laimar kwaɗi, dan girman Allah kar kowa ya tsinko ya dafa don ya ga 'yan ƙasa na tsinka, akwai wata fara tas mai lalata hanta, baƙi sun sha cin ta suna zaton irin ta ƙasarsu ce. Ki koya wa Hanif ba ya sa komai a baki sai ya nuna wa babba. 'Ya'yan bulubari na watan Yuli da Agusta kam ku tsinka ku more.

Hajiya_Kaka:
Kun gani ko? Ga kaska ga guba ga ruwa ga duhu, duk da bakinku kuka lissafa. Ni har yanzu ban ga dalilin kwantar da 'yar shekara ɗaya da rabi a waje ba alhali ga ɗaki. Na babban na ji, namiji ne ya je ya yi wasansa. Ƙaramar fa?

Anty_Bilki_Winnipeg:
Hajiya a nan kam ina bayanki. Mu a Kanada ban ga ana kwantar da jarirai a waje ba kuma yaranmu lafiyarsu ƙalau. Wasa daban barci daban. Maman Hanif in zuciyarki ba ta kwanta ba ki nemi a bar ƙaramar a ciki, ba laifi bane uwa ta faɗi abin da take so.

Maman_Hanif:
Na gode muku duka Allah ya bar zumunci. Na Hanif na haƙura zai ci gaba da zuwa, gobe zan nemo kayan ulun. Na ƙaramar ne har yanzu nake jinjinawa, na nemi su bar ni in zo lokacin barcin in taɓa wuyanta da bayanta in ji da hannuna, sun ce in zo.

Baban_Yusra:
Wuyan za ki taɓa dama, kar ki yi hukunci da tafin hannu ko kumatu domin su kullum da ɗan sanyi za ki ji su. Kuma ki tambaye su a digiri nawa suke mayar da yara ciki, kowace makaranta da nata ƙa'idar.

Ummu_Sadiq_Bergen:
Na manta ban faɗa ba, kar ki naɗa masa dogon mayafi a wuya, ba sa so saboda yana iya sarƙewa a lilo ko reshe ya shaƙe yaro. Akwai na ulu zagayayye da ake zurawa ta kai, shi za ki nema. Masu 'yan mata masu hijabi ma a samu ƙaramin da ba fil ba jela, a ɗora hular sanyi a kai.

Sabuwar_Zuwa:
Salam, yanzu na shigo na karanta duka. Mu watan Janairu za mu taho Trondheim in sha Allah da yara uku, kuma na tsakiyar sikila gare shi. Nas Zuwaira dan Allah takardar da kika ce a rubuta wa makaranta daga gida zan taho da ita ko sai mun isa can?

Nas_Zuwaira:
Ki taho da duk bayanan asibitinsa daga gida da Turanci, har da magungunan da yake sha da ranakun da aka taɓa ƙara masa jini in an taɓa. In kun isa aka ba ku likitan iyali ki nemi ya tura ku wajen likitan yara tun kafin ya fara makaranta, shi zai rubuta musu. Kuma tunda tsakiyar sanyi za ku sauka, kayan da zai sa daga filin jirgi zuwa gida su kasance a jakar hannunki, kar ki zuba su a babban akwati.